Harshe Huɗu, Adireshi Nawa? Amsoshin Wasiƙunku Kan Shafukan Kasuwanci

Wasiƙun wannan karon kusan bakinsu ɗaya. 'Yan kasuwa ne masu gidan yanar gizo da ke son yi wa abokan ciniki magana da harshe fiye da ɗaya, kuma suna so Google ya kai kowa ɗakin da ake jin yarensa. Mun taƙaita tambayoyin, mun sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Kamfaninmu yana da gidan yanar gizo na Turanci a kan .com yau shekara shida. Muna so mu ƙara Hausa da Faransanci da Larabci. Wanda ke kula mana da shi ya ce sai mun sayi domen, wato babban adireshi irin misali.com, daban ga kowane harshe, in ba haka ba Google ba zai san da zamanmu ba. Haka abin yake?
Daga wani Alhaji mai fataucin kayan gyaran injina

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ba haka ba ne, kuma kafin a zaro kuɗi a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa: harshe daban, ƙasa daban. Domen mai wutsiyar ƙasa, irin .fr ko .de ko .ng, ƙasa yake nunawa. Wanda ya sayi .fr ya gaya wa Google cewa da mutanen Faransa yake, alhali mai jin Faransanci yana Kanada, yana Beljiyam, yana Senegal, yana Nijar. Larabci fa? Ƙasashe sama da ashirin ne, wutsiyar wacce za a saya? Hausa ma ba ta da wutsiyar kanta. Ta ɗaya ɓangaren kuma, Suwizalan .ch ɗaya gare ta amma harsunan ƙasa huɗu.

Tsarin da ake bi uku ne, kuma kowanne akwai manyan da ke kansa. Amazon gida-gida ya yi, amazon.fr daban, amazon.de daban. Wikipedia sassa ta yanka a gaban suna, ha.wikipedia.org da fr.wikipedia.org. Apple da BBC kuwa ɗakuna suka ware a cikin gida ɗaya, apple.com/fr/ da bbc.com/hausa. A yanayinka na ukun muke ba da shawara ba tare da wani kokwanto ba: misali.com/ha/, misali.com/fr/, misali.com/ar/.

Dalili shi ne shekara shidan nan da ka ambata. A cikinsu wasu shafuka sun sa linki zuwa gare ka, Google ya saba zagayo gidanka, ya san ba na jiya ba ne. Wannan mutuncin yana manne da domen ɗin. Ɗakin da ka buɗe a cikinsa yana cin albarkacin gidan tun ranar farko. Sabon domen kuwa baƙo ne, daga sifili zai fara, kuma sau uku za ka yi wannan fafutuka. Ga ɗawainiya: sabunta rajista huɗu, takardar tsaro ta SSL huɗu, sa ido huɗu a Search Console (dandalin Google da mai gida ke duba yadda shafukansa ke fitowa a bincike), kuma duk gyaran da aka yi a ɗaya sai an bi sauran. Amazon na da ma'aikata da rumbunan kaya a kowace ƙasar da ya buɗe wa gida. Wanda ba shi da wannan ƙarfin, kada ya ari rigar.

Sannan wutsiyar ƙasa ba kowa ake sayar wa ba. Ta Kanada, .ca, sai mai alaƙa ta doka da ƙasar. Ta Faransa sai mazaunin Tarayyar Turai ko wasu 'yan ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita irin Suwizalan da Norway. Sharuɗɗan kuma na iya juyewa da mutum: bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar, an dakatar da dubban adireshin .eu na mazauna can a farkon 2021, a Janairun 2022 aka sake su ga wasu masu cancantar rajistar .eu.

Inda domen ƙasa ke da riba shi ne idan kana da ofis, ma'ajiya, lambar waya da tsarin biyan kuɗi a ƙasar, kuma masu saye can sun fi sakin jiki da wutsiyarsu. Sassa irin fr.misali.com suna da amfani idan dole wani harshe ya zauna a kan wata saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafukan) ko wata manhaja daban. Abin da za a guje wa shi ne adireshi irin misali.com/?lang=fr, Google da kansa ya ce ba ya ba da shawararsa. In kana tsoron wani ya riga ka kama sunanka a wata wutsiya, saya ka ajiye, ka sa masa turawa ta 301, wato turawa ta dindindin, zuwa ɗakin da ya dace, amma kada ka gina komai a kansa.

TAMBAYA: Na ga wani suna mai daɗi a .co, wani kuma a .shop. Idan sunan kayana na cikin domen ɗin, zan hau saman sakamakon bincike?
Daga wata mai sayar da kayan ado ta intanet

AMSA: Hajiya, wannan zamanin ya wuce. Tun Satumban 2012 Google ya rage wa shafuka marasa nagarta tagomashin da suke samu don kawai sunansu ya yi daidai da kalmar da ake nema, a 2015 kuma ya bayyana cewa sababbin wutsiyoyi ba su da fifiko ko naƙasu a kan .com. Ita .co asalinta ta Kolombiya ce, kamar yadda .tv ta Tuvalu ce, .me ta Montenegro, amma Google yana ɗaukarsu a matsayin na kowa da kowa, don haka ba za su ɗaure ki da wata ƙasa ba. Matsalar .co ɗaya ce: yatsun mutane sun saba ƙara harafin m, sai su faɗa gidan wani. Ki zaɓi gajeren suna da mai kowane harshe cikin harsunanki zai iya furtawa, ya kuma rubuta daidai in an faɗa masa a waya. Ki tambayi masu harsunan ko sunan yana da wata ma'ana ta kunya a wajensu.

TAMBAYA: Mun fassara shafukanmu zuwa Faransanci wata biyar da suka wuce, kowanne da adireshinsa a cikin /fr/. Amma abokan cinikinmu masu Faransanci sun ce har yanzu na Turancin suke gani a Google. Me muka yi ba daidai ba?
Daga manajan wani kamfanin kayan ban ruwa

AMSA: Malam, abu na farko da za ka duba ba ya ɗaukar minti biyu. Buɗe ɗaya daga shafukan Faransancin, ka duba rubutun HTML da ke bayansa, ka nemi layin da ke ɗauke da rel="canonical". Wannan layin shi ke gaya wa Google wane adireshi ne na asali. Sau da yawa idan an kwafi shafin Turanci don a fassara, layin yakan biyo shi yana nuna na Turancin. Ma'anarsa ka ce wa Google da bakinka, “wannan kwafi ne, rabu da shi.” Shi kuwa ya ji maganarka. Kowane shafi ya nuna kansa: na /fr/ ya nuna /fr/. Fassara ba kwafi ba ce a wurin Google, ba abin tsoro a nan. Akwatin duba adireshi da ke saman Search Console zai nuna maka wanda Google ya zaɓa a matsayin na asali, in ya saɓa da naka ka kama ɓarawon.

Na biyu shi ne hreflang, alamar da Google ya fito da ita a ƙarshen 2011 don a nuna masa cewa shafuka kaza 'yan'uwan juna ne da harsuna daban. Siffarta ke nan a cikin kan shafi, wato sashen head na rubutun HTML ɗin:

<link rel="alternate" hreflang="fr" href="https://misali.com/fr/pompes/" />

Shafin famfo na Turanci zai ɗauki layi irin wannan ga kowane harshe, har da na kansa. Na Faransanci ma ya ɗauki jerin nan daidai, ba ragi ba ƙari. A nan mafi yawa ke faɗuwa, domin gaisuwa ce mai neman amsa: idan na Turanci ya nuna na Faransanci amma na Faransancin bai nuno shi ba, Google na iya watsar da alamar. An yi haka ne don kada wani can ya laƙaba shafinsa a jikin naka ba da saninka ba. Adireshin kuma ya zama cikakke tun daga https, kuma ya zama mai buɗewa kai tsaye, ba wanda ke tura mutum wani wuri ko wanda aka hana Google adanawa ba.

Sai lambobin. Harshe ake fara rubutawa da haruffa biyu, ha, en, fr, ar, in ana buƙatar ƙasa a sa karan ɗori a ƙara ta: ha-NG, ha-NE, fr-CA. Ƙasa ita kaɗai ba ta tsayawa. Wanda ya rubuta ne yana nufin Nijar, ya ce wa Google shafinsa da harshen Nepal yake. Wanda ya rubuta ng yana nufin Najeriya, harshen Ndonga na Namibiya ya ambata. Shi kuwa uk harshen Yukiren ne, lambar Birtaniya GB ce, wato en-GB. Shawararmu, idan shafin Faransanci ɗaya ne gare ka, bar shi fr kawai, ya yi wa masu Faransanci na ko'ina. Ba a ƙara ƙasa sai an yi shafuka biyu masu bambancin kuɗi, haraji ko hanyar aika kaya. A ƙarshe a ƙara layin x-default, wanda ya zo a 2013, mai nuna inda za a kai wanda ba a tanadi harshensa ba.

Lissafin yana kumbura da sauri. Shafi 500 a harshe huɗu shafi 2,000 ne, kowanne da layi biyar, layi 10,000 ke nan. Ba aikin hannu ba ne. A bar wa manhajar da ke tafiyar da gidan, ko a zuba su a taswirar shafuka ta XML, wato fayil da ke jera wa Google adireshin shafukan gida, wadda fayil ɗaya ke ɗaukar adireshi har 50,000. Hanya ɗaya ta isa, haɗa biyu kan jawo su saɓa wa juna. Fayilolin PDF ba su da kan shafi, nasu ta kan saƙon HTTP da saba ke aikawa ake yi ko ta taswirar.

Kada kuma a ɗora wa hreflang abin da ba nata ba. Ba ta ɗaga shafi sama, musanya kawai take yi, ta sa na Faransanci a gurbin na Turanci ga wanda ya dace. Idan wani tsohon bayani ya tura ka neman wurin zaɓar ƙasa a Search Console, kada ka wahala, an cire shi tun 2022.

TAMBAYA: Namu adireshi ɗaya ne. Akwai maɓalli a sama, in ka danna sai rubutun ya koma wani harshe. Mun kuma sa shafin ya gane ƙasar mutum ya ba shi harshen da kansa. Ba wannan ya fi sauƙi ba?
Daga wani matashi mai gina shafuka

AMSA: Ɗan'uwa, ya fi sauƙin ginawa, amma Google harshe ɗaya kawai yake gani a gidan. Googlebot, manhajar da ke zagaya shafuka tana karantawa, ba ya danna maɓalli, ba ya riƙe kukis (ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa don tuna zaɓin mai ziyara) daga shafi zuwa shafi, ba ya faɗin harshen da ya fi so kamar yadda burauza ke yi, kuma akasarin ziyararsa daga adireshin Amurka take fitowa. To shafinka zai dube shi ya ce Ba'amurke ne, ya miƙa masa Turanci kullum. Sauran fassarar da aka sha wahala a kanta tana nan kamar kaya a ɗakin da ba ƙofa. Ko mutum ma, in ya tura wa abokinsa linkin shafin Larabci, abokin Turanci zai buɗe.

Hasashen ƙasa ma yana cutar mutane. Bahaushen da ke aiki a Jidda ba lalle Larabci yake so ba, matafiyi da mai amfani da VPN ma haka. Gyaran shi ne kowane harshe ya samu adireshinsa, maɓallin ya zama linki na gaske da ke kai mutum takwaran shafin da yake kai, ba ya mayar da shi bakin ƙofa ya sake lalube ba. In kana so ka taimaka, sa ɗan layi a sama da harshen da kake zato, “Akwai wannan shafin da Hausa,” ya danna in ya ga dama. Idan turawar ta zama dole, a tsaya a shafin farko kaɗai, a yi ta da 302, wato turawa ta wucin gadi, a sa shi a matsayin x-default. Sunayen harsuna a rubuta su yadda masu su ke rubutawa: Hausa, English, Français, العربية. Tuta kuwa a bar ta, tutar wace ƙasa za ka sa wa Larabci ba ka ɓata wa wasu rai ba?

TAMBAYA: Sunan kasuwancina yana da ƙ da ɗ. Zan iya sa su a domen?
Daga wata malama mai sana'ar ɗinki

AMSA: Malama, a fasahance akwai hanyar sa haruffan da ba na Turanci ba, har ma tun 2010 Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka samu wutsiyoyi da rubutun Larabci. Sai dai a ƙarƙashi ana juya sunan ne zuwa wani salo mai farawa da xn--, misali münchen yakan koma xn--mnchen-3ya. Wannan mummunar siffar ce kan bayyana a wasu manhajoji da imel, ba kowace hukumar rajista ke karɓar kowane harafi ba, kuma da yawa ba su da haruffa masu lanƙwasa a allon wayarsu. Alamar da ke kan 'y kuwa ba ta shiga domen sam. Ki yi rajista da k da d.

A sauran adireshin bayan domen haruffan suna aiki, amma in aka kwafa aka tura sai ƙofa ta zama %C6%99ofa. Wasu manhajojin ma jefar da harafin suke yi gaba ɗaya, a wayi gari da ofa. Ki riƙa rubuta adireshin da hannunki, /ha/kofa/, kalmomi a rabe da karan ɗori. A cikin rubutun shafin kuwa ki tsare lanƙwasarki, don baki da baƙi ba abu ɗaya ba ne, a tabbatar kuma shafin yana kan tsarin UTF-8 kuma salon rubutun da aka zaɓa yana da haruffan, in ba haka ba akwatuna za su fito a gurbinsu.

TAMBAYA: Muna da shafi kusan dubu. Mu ba na'ura ta fassara su duka a dare ɗaya mana?
Daga wani mai kula da tallan kamfani

AMSA: Malam, na'ura tana rage aiki, amma kada a saki abin da ta yi sai mai harshen ya bi shi layi-layi. A Maris 2024 Google ya tsaurara ƙa'idarsa kan tara shafuka barkatai marasa amfani don neman matsayi, ko mutum ya rubuta ko na'ura. Tun kafin a je ga Google ma, mai saye da ya ga bayanin kaya a hargitse ba zai ba ka lambar katinsa ba. Ɗauki shafuka ashirin ko talatin da suka fi kawo ciniki, a yi musu aiki mai kyau, sauran su biyo sannu a hankali. Shafin da ba a fassara ba kada a ƙirƙira masa adireshi a /fr/ da Turanci a ciki. Google daga rubutun da ido ke gani yake gane harshe, ba daga adireshi ko alamar lang ba, don haka shafin da aka fassara masa jerin maɓallai kawai aka bar cikinsa da Turanci kwafi ne a wurinsa. Ita alamar lang a sa ta duk da haka, manhajojin da ke karanta wa makafi shafi da ita suke aiki. Akwatin fassarar nan take da ake liƙawa a gefe kuwa ba ya haifar da shafin da za a adana.

Abin da fassara ba ta yi shi ne gano kalmar da mutane ke bugawa a bincike. Wayar hannu portable ce a Faransa, GSM a Beljiyam, natel a Suwizalan, cellulaire a Kanada, duk da Faransanci. Hausa ma haka: mai cewa mota da likita yana nan, mai cewa mato da lokotoro yana nan, wani ya rubuta 'ya'ya wani ƴaƴa, da yawa kuma ba sa sa lanƙwasa in suna bincike. Gwada kowace siffa a Google ka ga abin da ke fitowa, bayan wata biyu ko uku ka duba rahoton kalmomi a Search Console, ka tace shi da /ha/ ko /fr/, ka gyara kanun shafuka da abin da ka gani.

Wuraren da ake mantawa: taken shafi da ɗan bayanin da ke fitowa a sakamakon bincike, bayanin hotuna, saƙon kuskure a fom, da imel ɗin tabbatar da oda. Lambobi ma suna da yare, 1.500 a wurin Bajamushe dubu ɗaya da ɗari biyar ne. Larabci kuma yana buƙatar dir="rtl", a kuma duba cewa kibiyoyi da jerin maɓallai sun juya tare da rubutun.

TAMBAYA: Mun riga mun yi kuskuren, domen uku gare mu, biyu ba sa motsi. Muna so mu haɗe su. Kuma wanda ya yi mana rajistar ɗaya da sunansa ya yi, yanzu ba ya ɗaga waya.
Daga wata shugabar kamfanin tafiye-tafiye

AMSA: Ranki ya daɗe, a fara da na hannun mutumin, don ba a tura adireshin da ba a riƙe da shi. Binciken WHOIS zai nuna miki dillalin da aka yi rajistar a wurinsa da ranar ƙarewarta. Ki tattara rasit da takardun kamfani ki tuntuɓi dillalin, amma ki sani wanda sunansa ke kan rajista shi suka sani, lallashi ya fi saurin kai ki ga lambar canja dillali da ake buƙata. Kada ki zauna jiran wa'adi ya ƙare ki saye shi. A .com, bayan ƙarewa da ɗan jinkirin dillali akwai kwana 30 na fansa ga mai rajistar, sai kwana 5 kafin a sake shi, kuma akwai masu manhajojin da ke dakon irin wannan su cafke cikin daƙiƙa. Idan ya dawo hannunki, a sa sunan kamfani da imel ɗin da ba na ma'aikaci ɗaya ba, a kunna sabuntawa ta kai tsaye. Ana iya biyan .com har na shekara 10.

Haɗewar kuma a yi ta domen ɗaya bayan ɗaya. A jera duk tsofaffin adireshi a tebur, kowanne da sabonsa a gefe, a sa turawa ta 301 daga shafi zuwa takwaransa. Tura komai zuwa shafin farko shi ne kuskuren da ya fi yawa, Google kan ɗauki irin wannan kamar shafin ya ɓace, mutuncin da ya tara ya bi ruwa. A gyara canonical da hreflang da linkin cikin gida su nuna sababbin adireshi, a miƙa sabuwar taswira, a sanar da sauyin adireshi a Search Console. Matsayi zai yi tangal-tangal na wasu makonni, don haka kada a yi ƙaurar a tsakiyar lokacin da ciniki ya fi kankama. Turawar ta zauna aƙalla shekara guda, tsohon domen kuma a ci gaba da biyan kuɗinsa ko bayan nan, domin katunan kasuwanci da tsofaffin imel da ke hannun mutane suna ɗauke da shi.